Kilishin Kawu Ilyasu

A gidanmu na sabon Zongo, bayan an rushe tsohon an kwaso mu can bayan gari, hura wutar yamma aikina ne. Da an sallame magariba Iya, kakarmu ta wajen uwa, za ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da kurfoti, murhunmu na gawayi, ta ɗora tukunyar shayinta. Ƙa'idarta ɗaya ce: sai gawayi ya yi ja za ta buɗe baki. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba, ga gawayin Lome kullum da danshin teku, ka yi ta fifita har hannunka ya sage.

Iya ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta gyara zani ta ce, "Ga ta nan, tun daga Kano ta taso a ƙafa." Mu kuma mu amsa, "Ta zauna ta huta mu ji ta." A lokacin yana ta riga ta rufe mata ido, amma hancinta da kunnenta ba a cuce su ba. Da takun ƙafa take gane wanda ya saci sukari.

Ƙarƙashin gadonta akwai wata adakar ƙarfe ta ɗanta, Kawu Ilyasu, wanda ban yi wayo na gan shi ba. Mai hoto ne, kuma shi ke fitar da wata 'yar mujalla da Faransanci don masu sana'ar hoto. Abin da muka ji a bakin manya, ƙasa-ƙasa, shi ne ya buga hoton ranar da aka rushe tsohon Zongo. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, hoton da ake so a gani shi ne na shugaban ƙasa, wanda ke rataye a kowane shago. Jandarmomi suka fara sintiri a ƙofar gida, shi kuma ya tsallaka Gana da kayan jikinsa. Can ya rasu.

Wata rana ina neman takardar da zan tayar da wuta na buɗe adakar. Wasiƙu ne cike, da littattafan rubutu, da ambulan ƙanana masu lamba. A cikin kowane ambulan akwai wasu 'yan falle-falle, sirara, masu ruwan ƙasa-ƙasa. Na kai wa yayata Saude, wadda ke zuwa lakwal, wato makarantar boko, ta ce ai Faransawa "kilishe" suke kiransu, daga jikinsu ake wanko hoto. Ni kunnena kilishi ya ji. Kuma kowa ya san kilishi sai an nuna masa wuta.

Ban taɓa ganin abin da ke ci irinsa ba. Ka jefa ɗaya, ya nannaɗe, ya yi fuu, gawayi ya kama nan take. Kafin in jefa nakan ɗaga shi saitin wuta mu kalla, ni da ƙannena. Mutanen ciki duk a juye suke, fuska fara fat, haƙora baƙi. Muka sa musu suna aljanun Kawu. Na tuna wata tsohuwa fara sol da baƙin ɗankwali, ta ɗaga hannu ɗaya sama. Muka yi ta dariya, na ce wannan ce sarauniyar aljanun, na cilla ta. Kusan wata guda na yi ina wannan ɓarna, Iya na ɗaki tana lazimi, ana ta yaba mini cewa hannuna na da saurin wuta.

Ran nan ta fito da wuri. Ta tsaya, ta shaƙi iska sau biyu.

"Hajara, yau me aka sa a wutar nan?"

"Leda ce, Iya."

"Leda," in ji ta. Ta zauna a hankali. Shayin ya tafasa har ya zube. Sannan ta ce tatsuniya ta taso daga Kano.

Wai an yi wani gari da aka ce wa mutanensa su tashi kafin gari ya waye. Hanya da nisa, kaya da nauyi, sai wani saurayi ya bi gida-gida yana karɓar inuwar kowa yana zubawa a gora, don kada ta ɓace a hanya. Ya kai wa uwarsa gorar ya ce ta ajiye har masu ita su dawo nema. Kura ta zo ta ce a ba ta, tsohuwa ta ce ba ta san zancen ba. Zaki ya zo ya yi ruri har ɗaki ya girgiza, tsohuwa ta zauna a kan gorar ta ce ciwon ƙafa take yi. Duk suka gaji suka tafi. Ashe akwai wani ɗan tsako a gidan, wanda take ba tsaki da hannunta. Shi ne ya gano in ya tsattsagi gorar, inuwa ɗaya takan fito ta yi fuu ta bi iska. Abin ya yi masa daɗi, kullum sai ya je. Da mutanen suka dawo, kowa ya miƙa hannu, aka girgiza gora, shiru.

Ƙanena ya ce, "Iya, sai aka yanka ɗan tsakon?"

"A'a."

"To me aka yi masa?"

"Ba a yi masa komai ba, ɗan nan. Girma ya yi." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake zaune. "Tatsuniya ta koma inda ta fito. A kashe wuta."

Washegari na ga kwaɗo a jikin adakar, mabuɗin kuma a wuyan Iya. Ba ta dake ni ba, ba ta faɗa wa uwata ba. Ni a wautata har murna na yi na ce na sha. Sai da na girma na fahimci ba ta da halin yin faɗa: a gidan haya mai ɗaki goma, ihu ɗaya a kan adakar ya isa a san tana nan. Shekara da shekaru ta kwana a kan abin da zai iya jawo mata ɗauri, ta hana masu bindiga, ni kuma na ƙone shi don gawayi ya yi saurin kamawa.

Bayan rasuwarta mabuɗin ya dawo hannuna. Na yi shekaru ban buɗe ba. Da zamani ya sauya, wata malama mai tattara takardun tsofaffin masu hoto don ajiya ta yi ta tambaya har ta iso gidana a unguwar Adakpame. Muka baje kayan a tabarma. Tana ta murna da wasiƙun masu karatu, da gyare-gyaren da Kawu ya yi da jan biro a kan shafukan mujallar. Sannan ta buɗe littafin da ya rubuta bayanin kowane hoto: lamba, sunan mai gida, layin da gidan yake a tsohon Zongo. Ta ɗauki ambulan ta girgiza, ta ɗauki wani.

"Hajiya, waɗannan fa? Sun fi rabi babu komai ciki."

Da furfurata, da jikokina, na buɗe baki na ce, "Gara ce ta ci."

Malamar ta ajiye ambulan ɗin cikin ladabi. Ta san gara ba ta cin kilishe ta bar takarda. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai, na yi kamar ina karanta littafin. A nan idona ya faɗa kan wani layi da rubutun Kawu: "Iya tana tatsuniya, hannu a sama, farin ɗankwali. Sau ɗaya ta yarda."

Iya ba ta ƙara tsayawa gaban mai hoto ba har ta koma ga Allah. Jikokina kan tambaye ni kamanninta, in yi ta kwatance da baki. Na nemo ambulan mai wannan lamba, na san abin da zan tarar, amma sai da na zura yatsa.

Na ce wa malamar, "Goge maganar gara. Rubuta cewa Hajara ce ta ƙone su, tana 'yar shekara tara. Rubuta sunan sosai, yadda za a iya karantawa."