Ranar da gero ya cece ni a ajin kemistiri

Shekarun baya, ina ɗalibin kwalejin ilimi, aka tura ni koyarwar gwaji wata sakandare a ƙauyenmu, gefen Ɗambatta. Malamin da zai zo duba ni ya taɓa kayar da ni. In ya sake, sai na maimaita shekara, ga mahaifiyata ta gama shelanta wa dangi cewa ɗanta ya zama malami.

Ranar dubawar, malamin ya shigo ya zauna a bayan aji. Darasin ranar kuwa inert pair effect ne: kabon da dalma 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana da ilektiron huɗu a waje, amma kabon yakan shiga haɗi da huɗun duka, dalma kuma yawanci ta saki biyu ta ƙanƙame biyu. Na zuba Turancin da na haddace har na yi gumi. Yara suka zuba mini ido kamar ina karanta musu takardar asibiti.

Da na ga jirgi zai bar ni, na ajiye alli na koma Hausa, duk da an hana. Na ce, "Wa babansa ke kai duk geronsa kasuwar Dawanau?"

Wata yarinya ta ce, "Haba Malam, ai ana barin iri."

"Ko farashi ya tashi?"

"Ko ya tashi. Abin da za a samu bai kai asarar ba."

Na ce to haka dalma take. Ilektiron biyun nan suna can ƙurya a riƙe gam, wahalar fito da su ta fi ribar haɗin. Aji ya kaure da musu, har wani ya ce ashe dalma dattijuwa ce, kabon ne ɗan gayu.

Bayan an tashi malamin ya kira ni gindin darbejiya, fuskar nan a murtuke. Ya ce, "Ka karya dokar Turanci, na rage maka maki." Sai ya ƙara da cewa, "Amma na tsayar da yara uku a ƙofa na tambaye su, duk sun amsa daidai. Ka ci."

Wallahi da gudu na koma gida, babba da ni. Har yau, duk sanda na ga aji ya yi tsit, nakan daina zargin yara, in tambaye su abin da ake yi a gidajensu.