Maikano Gwanin Sifirin

A Magariya, zamanin da kumandan ke mulki kuma gyaɗa ke tashe, an yi wani mutum ana ce masa Maikano. Ɗan zama kaɗan ya yi a Kano yana wanke ƙarafa a garejin wani Balarabe, amma ya dawo yana taƙama kamar shi ya ƙera jirgin ƙasa.

Baburan da ke garin a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Duk da haka ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya ce shi gwanin sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke shanye girgizar hanya don kada ƙugun mahayi ya tsinke. Inji bai dame shi ba. Birki kuwa, cewa yake aikin masu gyaran keke ne.

Amininsa Tanko, mai awon gyaɗa, shi kaɗai ke jure surutunsa. Tare suka tashi, tare suke cin tuwo. Da wani Nasara zai koma ƙasarsu, Tanko ya sayi tsohon baburinsa, sai kakar Maikano ta yanke saƙa. Yau ya ɗaure sifirin, gobe ya sassauta, jibi ya kwance shi ya jiƙa da man gyaɗa. Tanko ya fi ganin baburinsa a wargaje bisa tabarma fiye da bisa hanya.

Wata safiyar kasuwar Dungas, Tanko ya zo ɗaukar baburinsa. Ya ce, "Aboki, birkin nan fa sai na taka shi kamar mai kwaɓa ƙasar gini kafin ya kama. Duba mini."

Maikano ya ce, "Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Hau ka ji."

Tanko ya hau, sirdin ya lotsa a hankali ya taso.

"Ka ji laushi? Ko matar kumandan ba ta taɓa zama bisa irin wannan ba. Birkin, in ka dawo."

Tanko ya yi dariya ya tafi. A wata gangara kafin Dungas ya tarar da ayarin raƙuma sun gitta hanya da buhunan gyaɗa. Ya taka birki, birki ya ƙi. Ya kauce, ya yi karo da bishiyar gawo. Kafin a kai shi ƙauye rai ya yi halinsa.

Maikano ya iso bisa jakin aro, an riga an ɗauke gawar. Ya tarar da mutane kewaye da baburin, gabansa ya lanƙwashe kamar lauje. Ya durƙusa, ya danna sirdi da tafin hannu, sirdi ya taso.

Ya ce, "Kun gani? Ko gezau bai yi ba!"

Wani dattijo cikin masu raƙuman, Bukar, ya dube shi ya ce, "Madalla. Mu za mu je mu binne mai shi, kai ka zauna ƙarfen ya taya ka hira."

Sai a lokacin maganar ta shige shi. Ya zube cikin rairayi yana kiran sunan Tanko, har sai da aka ɗaga shi.

Bayan sadakar arba'in ya aika wa Hinda, matar mamacin, yana roƙon a bar masa baburin ya tashe shi. Ta ce a gaya masa ya tashi mijinta tukuna. Ta ba maƙera baburin, suka sassare shi suka yi fartanya da wuƙaƙe.

Daga nan ba wanda ya sake kai masa babur. Ya koma liƙe fitilu da kwanoni, ya rame, ya daina cin tuwo da kowa. Amma hali bai bar shi ba. Har ya tsufa, in ya ga manomi da fartanyar ƙarfen nan sai ya tsayar da shi, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ce, "Ka ji ƙara? Aikina ne." Sannan ya juya da sauri yana share ido da hannun riga.