Baba Maikano da Marain Dalbejiya

A Ƙofa, duk wanda ya taɓa kewaye gidansa da zana ya san Baba Maikano. Shekara arba'in yana saƙa, har bayansa ya ce ya isa haka. Yanzu aikinsa zama a ɗan lambun bayan gida, yana kallon tsuntsayen da ke sauka shan ruwa a tsohon kaskon da ya ajiye musu. Yana son kukan kanari, yana haƙuri da surutun suda, amma marai ne mutuminsa, wai abokin sana'a ne.

A daminar bana wani marai ya kama reshen dalbejiya, daidai saman inda Delu, matar Baba, take shanya kuɓewa. Namijin ne ke saƙa sheƙa, macen ta zo ta duba. In ba ta yi mata ba ta tafi, shi kuma ya warware. Wannan bawan Allah sau uku ana ƙinsa, kashinsa kuwa duk a kan shanya.

"Malam, ran Juma'a Shitu zai sare reshen nan," in ji Delu. Shitu ƙaninta ne. "Sai dai in da ƙwai a ciki. Ba zan ɗauki alhaki ba."

Abin ya dami Baba ƙwarai. Ya ce ai matsalar kayan aiki ce. Ya ɗauko busasshiyar gambar da ya ɓoye tun kakar bara, ya tsaga ta siri-siri, ya jera a kan katanga. Marai ko kallo bai yi mata ba. Kwana biyu Baba yana fushi da tsuntsu, wai 'yan zamani ba sa jin shawarar manya. Ni maƙwabcinsa har daga gidana nake jiyo mitar.

Ran Laraba Baba ya bi marain da ido har gonar da ke nesa da katanga, ya ga yana tsagar ɗanyen ganyen dawa. Kafin tsuntsun ya gama jigila sheƙar ta bushe, macen kuwa koriya take so. Baba ya yi dariya har da tari.

"Ni nan ina ta busarwa, ashe ɗanya maigidan yake nema."

Ya dogara sandarsa zuwa fadama, ya yanko ɗanyar ciyawa ya tsoma a kasko. Marai ya kama ɗiba ba hutawa.

Ran Juma'a da hantsi Shitu ya shigo da adda. Ƙwai dai babu, kuma Baba ba zai yi ƙarya ba. Ya ɗaga kai yana kallon reshen. Sai ga macen ta sauko da gashin kaza a baki, ta shige sheƙar, ba ta fito ba.

Delu ta daɗe tana kallon sama, sannan ta durƙusa ta fara naɗe tabarmar shanyarta.

"Shitu, mayar da addarka," ta ce. "Amarya ta tare."