Malam Hammajoda, Mai Juya Fuska Bango

Kullum ƙarfe bakwai da rabi keke ke sauke Malam Hammajoda daga Tirwun, ya wuce ɗan ɗakin da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje na asibitinmu. Kafin ya gaisa da kowa sai ya dafa babbar kwamfutar nan da ake kira saba, ya ji ko ta yi zafi. Muna tsokanarsa cewa ta fi mu samun gaisuwa.

Kafin zuwansa, da kalmar sirri ɗaya dukanmu muke shiga kwamfutoci, ga ta nan manne a bango. Shi ya haɗa sabar, ya shigar da sunan kowane ma'aikaci, da sashensa, da iyakar abin da zai iya buɗewa. Sannan ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zaɓi tasa kalmar. Kana fara bugawa zai juya fuskarsa bango.

Wallahi mun yi mita. Zinariya, mai gwajin jini, ta ce, "Baba, ni fa mantuwa gare ni, ka riƙe min mana."

Ya ce, "A'a, 'yata. Sunanki ne, ki riƙe abinki."

Bayan shekara biyu aka sauya sakamakon gwajin wani mara lafiya a kwamfutar teburin Zinariya. Har an buga takardar korarta. Hankalinmu ya tashi, amma ba mu da hujja. Hammajoda ya shiga gaban kwamitin bincike da takarda guda da ya ciro daga sabar: ba da sunanta aka shiga ba, ba a ma yi amfani da nata ba tun Alhamis da ta tafi Inkil bikin suna. Zinariya tana nan, yanzu ita ce shugabar sashen.

Kai ne, Baba, ka sha mitarmu ka tsare mana mutunci. Mai amana, mun gode. Allah ya saka, ya sa ka huta lafiya. Masu irin wannan aiki, ku yi koyi da shi.

Jiya ya yi ritaya. Ya zaunar da Kubura, wadda ta gaje shi, ya ce ta sauya babbar kalmar sirrin sabar da ya riƙe shekara goma sha shida.

Ta ce, "Haba Baba, kai ma?"

Ya ce, "Ni ma." Ya juya fuskarsa bango.