Sunayen da Kaka ya zuba a waya

Jiya a motar Tudun Wada na ga wani yana rubutu da yatsa a fuskar wayarsa, rubutun na ɓacewa yana komawa haruffa. Sai na kau da kai. Kada ka ga laifina, wannan abin ya taɓa cutata.

Ina 'yar shekara goma a rugarmu ta wajen Doguwa lokacin da hannun kakana ya fara rawa. Malami ne, ajaminsa kamar an zana, amma ya kai ga in ya ɗauki alƙalami tawada ce ke malalewa a tabarma. Damuwarsa ɗaya: sunayen kakanninmu goma sha ɗaya da mashekaran da suka zauna da shanunsu, duk a kansa suke, bai rubuta ba.

Da damina ta faɗi, ƙanen babana ya dawo daga Kano da waya mai shafawa. Baffan nan namu baki gare shi kamar zuma. Ya nuna wa Kaka yadda ake rubutu da yatsa, ba tawada, ba fiƙe alƙalami. Kaka ya ja layi ɗaya, rubutun ya ɓace.

"Ina ya tafi?"

"Ya shige ciki, Baba. Yana nan a ajiye."

Shi ke nan. Kullum bayan la'asar, ƙasa na ƙamshin ruwa, shanu na dawowa, Kaka zai wanke hannu kamar mai shirin taɓa littafi, ya zauna ya yi ta ja. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin abin da ke fitowa a sama. Ni ina gani, tarkacen haruffan boko ne marasa kan gado. Na tambayi Baffa, ya ce haka waya ke ɓoye sirri. Na yarda, ai babba ne.

Da can Kaka kan jero mini sunayen ina maimaitawa. Sai ya daina. In na matsa masa ya ce, "Huta, jikalle, an rubuta."

Ya rasu ana yankan gero. Bayan sadakar bakwai na roƙi Baffa ya buɗe mana rubutun. Wallahi dariya ya yi.

"Ke ma kin yarda? Ai wayar ba ta jin ajami. Na ga tsoho na damuwa ne, na sama masa abin yi."

Ya sani tun ranar farko. Da ya faɗi gaskiya, da na haddace su kaf kafin kaka ta yi. Har yau ina gaishe shi a durƙushe, amma ban yafe ba.

Yanzu wayoyi sun waye, tawa ma tana gane haruffan Larabci in na ja su. Wani lokaci nakan gwada. In rubuta sunan babana, in rubuta na Kaka, in rubuta na mahaifinsa. A na huɗu yatsana ke tsayawa, wayar ta yi ta jira har fuskarta ta mutu.