Ɗorin da Baba Ya Hana a Kwance

A Matamaye in an ce yaro yana da taurin kai, abin da sauƙi, girma zai lanƙwasa shi. Kafiya kuwa ta manya ce. Mai kafiya ya ji maganarka sarai, wani lokaci ma ya san kana da gaskiya, amma inda ya tsaya nan ya tsaya, kamar turken da laka ta bushe da shi. Haka mahaifina yake. Ina yarinya abin ya zame mini abin taƙama, sai da ya faɗo kan ƙafar 'yata na gane ciwo ne.

Baba maɗori ne, ya gada wurin ubansa. Daga Kance, daga Yauri, ana kawo masa masu karaya. In zai yi ɗori sai ya sa a kawo kaza, ya karya ƙafarta, ya ɗaure ta da kara da tsumma kamar yadda ya ɗaure ta mutumin. Ranar da kaza ta taka sosai, ranar yake kwance wa mai karaya. Kafin nan ko hakimi ne bai isa ya taɓa ɗorin ba.

'Yata tilo ta faɗo daga amalanken rake a hanyar Dungu, shekarar da ta shiga lakwal, makarantar boko, ƙaurinta ya karye. Ubanta yana ci-rani a Aljeriya, waya ma ba kullum take shiga ba. Wa zan kai wa in ba kakanta ba? Ya ja ƙafar, ya jera kara, ya tamke da ƙarfinsa duka, yana tsokanarta: "Amaryata, daina kuka, gurguwa ba ta shiga ɗakina."

Washegari yatsunta suka kumbura. Na ce, "Baba, kamar ɗaurin ya yi tsanani."

"Ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa," in ji shi.

Kumburin ya koma shuɗi. Yarinyar da ke ihu in ƙuda ya sauka mata a ƙafa, sai ga shi ina matsa babban yatsanta tana kallona, ba ta ji. Wannan shirun ya fi ihun tayar mini da hankali. Na durƙusa a gabansa a zaure, na roƙe shi don Allah don Annabi ya sassauta ko da zare ɗaya. Bai shiga ya duba ta ba. Kazar ya nuna mini, tana ɗingishi a gindin rumbu tana tsattsagar dawa.

"Kin ga ta fara dafa ƙasa. Ke kika san ɗori ko ni?"

Na je wurin amininsa, wani Alhaji mai sayar da goro, wanda suka tashi tare, na yi masa kuka har majina. Ya zo ya yi magana mai daɗi, ya kawo misalai. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Alhaji." Duk wanda ya san Baba ya san "na ji" ɗinsa ƙofa ce da aka sa wa sakata. Ni kuwa abinci ya daina wuce mini. Ina zaune ina yi wa yarinyar fifita, zazzaɓi na cin ta, ina jin kazar nan tana kuka a tsakar gida. Wallahi na tsani tsuntsuwar nan kamar ita ta haifi masifar.

Ranar da wari ya fara fitowa daga cikin tsumman, na goya ta da zafin azahar, ƙafar na reto a gefena. Na tarar da Baba a bakin zaure yana alwala.

"Ina zuwa?"

"Gidan likita, Baba."

Ya ajiye buta. "In kika bari wani ya sa hannu a ɗorina, ban yafe miki ba, duniya da lahira."

Duk 'yar da aka haifa a gidan Musulmi ta san nauyin wannan kalma. Na tsaya, numfashinta mai zafi yana dukan wuyana. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri," na raɓa ta gefensa na fita ina kuka, na tare ɗan kabu-kabu.

A gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya sa almakashi ya yanke tsumman. Da karan suka zube sai ya kau da kai, ya ce, "Baiwar Allah, ina kuke tun tuni?" Ya sa aka wuce da mu Damagaram. A can na bi likitoci ina kama musu riga, ina cewa su yanki tawa su bar tata. Suka ce ƙashin ma ya fara haɗuwa, naman ne ɗauri ya kashe, kuma in an bar shi zai tafi da ranta. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Da muka dawo gida 'yan unguwa suka cika tsakar gida da jaje. Baba bai amsa gaisuwata ba. Ya dubi dungun ƙafar a naɗe cikin farin bandeji, ya ce wa mutane, ba ni ba, "Gaggawar mata. Da an bar ɗorin ya cika kwanansa, da yanzu tana gudu."

Yarinyar ta zame daga cinyata, ta ja jiki har gabansa, ta kama bakin rigarsa. Ita har ranar ba ta san akwai abin da ya fi ƙarfin kakanta ba.

"Kaka, can suka riƙe mini ita. Ka je ka karɓo, ka ɗora mini. Wannan karon ba zan yi kuka ba."