Tubali Dubu Biyar da Arba'in

Illa magini, mutumin Yekuwa, bai taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ko tuwo ka ba shi sai ya ƙirga loma. Wata safiya matarsa Ƙande ta soya ƙosai casa'in da bakwai, za ta raba wa masu aikin gona mutum takwas. Illa ya leƙa kwano, ya ce wannan adadi gwauro ne, ba ya rabuwa daidai ga kowa, ko za a yini ana gwadawa. Ƙande ta ɗauki ɗaya ta jefa baki, ta ba kowa goma sha biyu.

"Malam, na yi wa gwauron naka aure," in ji ta.

Wata guda ana yi masa dariya a bakin rijiya. Bai daddara ba. A wurinsa adadi iri biyu ne: gwauro, da mai zumunci wanda ke rabuwa cikin jama'a ba saura. Da tsakuwa yake gwada su a ƙasa, yana ta gunaguni kamar mai duba.

Shekara biyu bayan babban fari, a 1976, ƙauyuka goma suka shirya gina mangazar ajiye iri. Matsalar tubali ce. Kowane ƙauye ya rantse ba zai buga ko ɗaya fiye da maƙwabcinsa ba, kuma ba a san nawa za su fito aikin ba: yau bakwai, gobe tara, jibi wasu sun yi fushi. Maigari Tamu ya gaji, ya ce in ba a daidaita ranar Juma'a ba, zai kira mai siminti daga Magariya. Illa ya san in siminti ya shigo gari, shi da laka sun zama labari.

Ranar Juma'a ya miƙe a ƙofar maigari. "Ranka ya daɗe, ginin na cin dubu biyar, amma a buga dubu biyar da arba'in. Ƙauye bakwai suka zo, ɗari bakwai da ashirin kowanne. Tara, ɗari biyar da sittin. Daga biyu har goma, ba saura."

Tsofaffi suka fara gyaɗa kai. Sai Ɗayyabu, malamin lakwal da ake kira Mushe da Faransanci, mai takalmi sau-ciki, wanda ƙanen matarsa ne mai simintin, ya zaro alli ya yi ta zane a bango.

"Baba Illa, lissafinka da rami. In goma sha ɗaya suka zo fa? Tubali biyu ba su da mai bugawa."

Maigari ya dubi Illa, Illa ya dubi takalmin.

"Mushe, ƙauye goma muka gada. Tunda kai ka haifi na sha ɗaya, tuɓe takalmi ka shiga laka. Biyun nan naka ne."